Tafiyata Garkida da sanda a hannu

Shekara guda da rabi bayan ɓarin jikina na hagu ya shanye, na ce wa ɗana ya kai ni Garkida. Ya dube ni, ya dubi sandar da ke jingine a bakin gado, ya ce, "Mama, cocin da ke bayan gidanmu ma kin ƙi zuwa, sai Garkida?" Gaskiya ya faɗa. Tun da aka sallamo ni daga asibiti na ɗauke ƙafa daga sujada. Ba ciwon ne ya hana ni ba. Ba na son matan da na yi shekara ashirin ina ba su waƙa a Zumuntar Mata su ga ana riƙe ni kamar mai koyon tafiya. Amma Garkida daban ce. A can kakana ya yi jinya, a can aka yi masa baftisma, ni kuwa ban taɓa taka garin ba.

Da sassafe muka shiga tasha a Jimeta, cikin watan Maris, tun rana ba ta fito ba zufa ta fara karyowa. Ɗana ya biya kuɗin mutum biyu a gaba don in samu wurin miƙe ƙafa. Muka haye gadar Binuwai, ruwa ya ja baya ya bar yashi fari fat. Muka wuce Girei, muka wuce Song da duwatsunta. Ban ga da yawa ba, don hankalina na kan ƙafar da ta fara kumbura tun kafin mu yi nisa.

A Gombi za mu canja mota. Na buɗe ƙofa na ce zan sauka da kaina, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ɗana ya zo zai ɗaga ni, na ture hannunsa, ga mutane cike da tasha suna kallo. Direban, wani dattijo mai carbi rataye a madubi, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Bari a taimaka miki." Bai taɓa ni ba. Wasu mata biyu masu sayar da ƙosai ya kira, suka goge hannu a zani, ɗaya ta shiga ƙarƙashin hammatata, ɗayar ta tallafo ƙugu, suka kai ni inuwa. "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi." Na amsa, amma hawayen da suka zubo mini na baƙin ciki ne, ba na godiya ba.

Daga Gombi hanya ta nufi Biu, ga shingayen sojoji nan da can. Hira ta ragu a cikin motar, kowa ya san dalili. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da Kwarhi, inda hedkwatar cocinmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, take, shugabanni da ɗalibai suka gudu da kayan jikinsu kawai. A watan Fabrairu na 2020 kuma suka faɗa Garkida kanta, suka ƙona majami'u da gidaje. Da yawa cikin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan cocinmu ne. Wata mata a bayana ta fara rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, babu wanda ya ce ta yi shiru.

Garkida na bakin kogin Hawul, ƙasar Burawa. Wurin da na fara cewa a kai ni shi ne gindin tsamiya. A nan ne ranar 17 ga Maris 1923 wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko, daga nan cocin ya samo asali. Tun ina yarinya nake jin labarin, kuma a bikin cika shekara 100 da aka yi a 2023 an yi ta maimaita shi da kiɗa da waƙa. Abin da ban taɓa tsayawa na auna ba shi ne, shekara ɗaya kacal bayan wannan sujada, a 1924, matar Kulp, Ruth, ta rasu a nan tare da jaririnsu. Kafin mutumin nan ya ga amfanin gonarsa sai da ya haƙa kabari. Bai tattara kayansa ya bar aikin ba. Na zauna a inuwar tsamiyar ina tunanin irin ƙarfin da ya rage masa a ranar. A ganina babu ko kaɗan, riƙe shi aka yi.

Da la'asar muka ƙarasa Virgwi, kusa da garin, inda mishan ta buɗe wurin jinyar kutare a 1929. Nan aka kawo kakana yana saurayi, bayan mutanen ƙauyensu sun ware masa ƙwarya da bukka. A zamanin babu magani mai kashe cutar, sai allurar wani mai, wadda ya ce zafinta ya fi na harbin kunama. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyi, kyauta ake ba da su, kuma wanda ya zo da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya. Shi bai riski wannan da wuri ba. Da dungulmin hannu na san shi, yana tallafe kofi da wuyan hannu biyu, yana buɗe Littafi Mai Tsarki da gefen tafi. A nan ya koyi karatu. Idan ya zo mana Yola, nakan hana ƙawayena shiga gida. Ya lura, bai taɓa yi mini faɗa ba.

A ƙofar wani ɗaki muka tarar da wata tsohuwa tana sussukar gyaɗa da hannuwa irin nasa. Na gaishe ta da 'yar Burar da ta rage a bakina, ta yi dariya ta amsa da Hausa. Ta ga yadda na cusa hannun hagu cikin gyale, ta ce, "'Yata, fito da shi ya sha iska." Na fito da shi. Ta sa shi tsakanin dungulmanta biyu ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce ai Manzo Bulus ma sau uku ya roƙi Ubangiji a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Na san wurin, Korantiyawa ta Biyu sura 12, na sha koya wa mata shi a taro. Amma ban taɓa jin sa daga bakin wadda ta yi sama da shekara hamsin da ƙayarta ba. Ta yi mini addu'a da Bura. Rabi na gane, cikin rabin kuma babu inda ta roƙa mini warkewa, haƙuri da sakin zuciya ta roƙa. Da farko abin ya sosa mini rai, don warkewa nake so, har yanzu ma ina so, ina kuma roƙo. Na tuna kakana, na yi kuka sosai, ta bar ni na gama.

Mun kwana a gidan wani dattijon coci, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Washegari da muka iso Gombi na hango matan nan biyu a bakin kaskonsu. Ɗana na ƙoƙarin zagayowa, na leƙa ta taga na kira su da kaina, na ce, "'Yan'uwana, ku zo ku sauke ni." Suka zo suna tambayar yaya hanya, ɗayar ta ƙulla mini ƙosai mai zafi a takarda, ta ƙi karɓar kuɗi.