Na kusa sayen akori-kurar sojan Amurka

Jiya asabar na je duba wata akori-kura ta soja da wani dattijo ya sa a kasuwa nan bayan garinmu a Texas, Chevrolet ce M1008 ta 1985, mai injin dizal lita 6.2, har yanzu da koren fentinta na soja. Wai dala dubu 9 yake so.

Abu na farko da ya nuna min shi ne mita, wai ko mil dubu 40 ba ta yi ba. Ni kam dariya na yi a raina, don mitar motocin nan lamba biyar gare ta, in ta cika sai ta koma sifili, kuma ko da gaskiya ne motar da ta shekara da shekaru a ajiye tana shan rana ai duk robobinta sun bushe, ga tayoyi duk sun tsattsage. Na shiga ƙarƙashinta da tocila na ƙwanƙwasa shasi, babu tsatsa sosai, kuma gaskiya wannan ne kuɗin motar, shi da aksul ɗinta na gaba, wani samfuri mai ƙarfi da ake kira Dana 60.

Wayarin ne ya kashe min jiki. Batir biyu take ɗauka, volt 24 ke tada ta, wani ya bi ya yayyanke wayoyin ya naɗe da salatif. Ga ba AC, a zafin Texas fa! In ka wuce mil 55 a awa kuma sai ihu injin yake.

Takardu dai sun cika. Na taya dubu 6, ya ce albarka, na bar masa lambata na taho.