Kafin ku mai da zanen gadon Inna tsumma

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata na Jos, daga Gangare har Rikkos da Unguwar Rogo. Ina gaishe ku, a gaida iyayenmu da yara. Da fatan sanyin bana ya zo da sauƙi. Mu ma nan Manchester muna fama da namu, ga yayyafi safe da yamma.

Wani tsohon zanen gado ne ya sa na rubuto muku. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, da aka buɗe akwatinta na ƙarfe don rabon kaya, sai aka tarar da zannuwan gado uku na farin yadi da ta yi wa ado da hannunta tun tana amarya: furanni da tsuntsaye da zare ja da kore, bakinsu kuma saƙar kwarashi. Tsatsar akwatin ta kama su a wurin ninki, tsakiyar ɗaya kuwa ta cinye saboda kwanciya. Ba wanda ya miƙa hannu. Har wata ta ce a bar wa yara su riƙa goge ɗaki. Ni dai na ɗauki mai ramin na cusa a jaka, ban san me zan yi da shi ba.

Ya shekara biyu a ajiye, sai ranar da na shanya shi maƙwabciyata ta gani, wata tsohuwar Baturiya da ta haura tamanin. Ta ce in kawo. Ta ɗaga shi ga hasken taga tana nuna mini da yatsa inda yadin ya mutu da inda yake da sauran ƙarfi. Ita ta taso ne a lokacin da sai da kati ake sayen tufa a Birtaniya, daga 1941 har 1949, lokacin da gwamnatinsu ta buga ɗan littafi a 1943 tana koya wa mata faci da juya tsofaffin kaya. Ta ce in zanen gado ya cinye a tsakiya, mahaifiyarta takan tsaga shi biyu, ta haɗa bakin waje da bakin waje ta ɗinke, wurin da ya sha kwanciya ya koma gefe. Na yi dariya, don kakata ma haka take yi wa zane, ba tare da wani littafi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A garin nan na Manchester aka kafa ƙungiyar masu neman auduga a 1902, wadda ta riƙa gurzar audugar Zariya da Funtuwa ana kawowa masaƙunsu. Daga baya muka samu namu: masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, shekarar da babbar kasuwarmu ta Terminus ta ƙone. Irin yadin nan mai kauri na zalla auduga da iyayenmu suka yi wa ado, je ki nema yau ki gani. Yawancin na kasuwa yanzu haɗin roba ne, ya yi zafi da rana ya yi sanyi da dare. A nan, tsohon rufin tebur mai aikin hannu yana da masu nemansa a shagunan sadaka da kasuwannin Lahadi, ko da tabo a jikinsa. Abin da Turawa suka raina shi ake ɗaurewa dila-dila, mu je Katako mu yi ta ɗagawa muna taya gwanjo, na Inna kuma yana bayan ƙofa ana taka shi.

To ga abin da na koya, har da kuskuren da na tafka. Kada ki kusanto da bilic. Na gwada a gefe ɗaya, tsatsar ba ta fita ba, jan zaren ya koɗe, yadin ya yi rauni. Tsatsa, lemon tsami da gishiri ne maganinta: ki shafa, ki baza a rana, ki ɗauraye, ki maimaita in ta ƙi. Wanki da ruwan sanyi da hannu, ban da murɗawa. Kafin nan ki jiƙa farin ƙyalle ki danna kan adon, in ya ɗauki launi kin san zaren yana zuba. Kada ki sa sitati in ajiyewa za ki yi, ƙwari na son sa.

Yankan shi ne mai wuya. Wallahi sai da na yi kwana uku almakashi na kan tebur. Gani nake kamar zan yanka hannunta. Amma a akwati wa yake ganinsa? Na yanke kowace fure na bar mata fili kamar yatsu biyu ta kowane gefe, na shimfiɗa mata sabon yadi a baya don ya ɗauki nauyin ɗinkin. Sabon nan ki wanke shi tukuna, domin yakan ja, in ya ja bayan ɗinki sai ya tattare tsohon ya yaga shi. Na fitar da rigar matashi biyu, da ɗan labulen tagar kicin da saƙar kwarashin a ƙasa. Wata fure da ta rage na sa ta a firam. Guntayen da ba su da ado na jera su hawa uku tsakanin atamfofi biyu da suka tsufa, na bi da dogon ɗinkin hannu layi-layi, ya zama bargon jariri. Mu 'yan Jos da muka san sanyin Disamba ba sai an yi mana bayanin amfaninsa ba. 'Yata ta so mu yi jakar Alƙur'ani da ɓangaren tsuntsayen, na ce a'a, a yi da mai furanni.

Sai dai ba komai ake sa wa almakashi ba. Gwado da luru da saƙi na saƙar hannu, ko babbar rigar Baba mai aska takwas, waɗannan gyara suke so. Masu iya su suna ƙarewa, kuma saƙar hannu in an yanka ta warwarewa take yi. A kai wa mai ɗinkin hannu ya toshe ramin, a fitar da su daga akwatin ƙarfe da leda, a naɗe cikin farin yadi, a riƙa sha musu iska in damina ta wuce.

Yaya, na san za ki karanta wannan. Sauran biyun nan, in yara ba su riga sun gama da su ba, don Allah ki ɗauke su daga bayan ƙofa ki wanke mini. Ina nan tafe da babbar Sallah in Allah Ya kai mu, kuma matashi ɗaya naki ne.

Taku,
daga Manchester