Yadda nake bin diddigin karatun da 'yata take yi ita kaɗai

Duk uwar da ke koyar da ɗanta a gida ta san akwai lokacin da karatun yaro yake ɓuyar mata. Muddin yana haɗa baƙi da wasali a kusa da ke, kina jin duk inda harshensa ya yi tuntuɓe. Ranar da ya iya ɗaukar littafi ya koma gefe ya yi shiru, abin da ke gudana a kansa ya fita daga idonki. 'Yata ta kai wannan matakin tana shekara takwas, kuma tambaya ɗaya ta hana ni sakat: karatu take yi da gaske, ko ido kawai take bi da shi a kan layuka?

Na buɗe mata kundi. Kwanan wata, sunan littafi, shafin da ta fara da wanda ta tsaya. Kundin yana da amfaninsa, domin shi ya nuna mini tana cinye littattafan labari amma tana ajiye na kimiyya tun ba ta yi nisa ba. Sai dai iyakarsa ke nan. Yaro na iya juya shafi talatin bai riƙe komai ba, kuma a kundi shafi talatin ɗin za a gani.

Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne hanyar da Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, ta gina koyarwarta a kai: yaro ya karanta abu sau ɗaya, ya rufe littafi, ya ba da labarinsa da bakinsa. Ba a katse shi, ba a jefa masa tambayoyi yana tsakar magana. Na ɗauki wannan. Idan ta gama babi, sai in ce, "Zo ki ba ni labari, ni ban karanta ba." In yi shiru, fensir a hannu, in rubuta abin da ta faɗa a taƙaice a ƙarƙashin lambar shafin.

Wata rana ta karanta babin wani labari inda yaro ya tsinci jakar kuɗi ya mayar wa tsohon da ke da ita. Ta zayyano komai daki-daki, inda ya tsince ta, kalar jakar, yadda ya sheƙa a guje. Sai ta ƙare da cewa, "Amma Umma, tsohon mugu ne, ko na gode bai ce ba, fushi ma ya yi." Na karɓi littafin na duba. A farkon babin tsohon ya riga ya zargi yaron gidansa da sata a gaban mutane. Da jakar ta dawo, marubucin bai ce komai game da zuciyarsa ba, ya dai ce ya kau da kai, ya kasa haɗa ido da wanda ya zarga. Ban faɗa mata ba. Na ce, "Koma shafin farko na babin, ki duba me ya yi wa yaron gidansa, sannan ki sake karanta ƙarshen." Ta tafi, can sai ga ta da sauri: "Umma, ashe kunya ce ta kama shi!" A kundin na rubuta: tana riƙe abin da aka faɗa a fili, abin da aka bari a gane sai an nuna mata hanya. Wannan layi ɗaya ya fi mini lissafin shafuka na wata guda, domin ya gaya mini abin da za mu yi aiki a kai.

Daga baya na gane rashin fahimta ba iri ɗaya ba ne. A 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana fahimtar karatu a matsayin abu biyu da ake ninkawa da juna: iya furta kalmar da ke rubuce, da iya fahimtar harshen kansa. Tunda ninkawa ake yi, idan ɗaya ya faɗi ƙasa, sakamakon duka ya faɗi. Wannan ya ba ni gwaji mai sauƙi. Idan ta kasa ba da labarin wani shafi, sai ni in karanta mata shafi na gaba da murya, in ce ta maimaita. In ta gane da kunne abin da ta kasa ganewa da ido, matsalar tana wajen furta kalmomi. In kuwa duka biyun sun gagare ta, to kalmomin ne ba ta san ma'anarsu ba, ko batun ne baƙo a wurinta. Maganin kowanne daban, kuma ba ƙaramar asara ba ce a yi ta sa yaro karatu da ƙarfi alhali abin da ya rasa ma'anar kalma ce.

Don duba ɓangaren furuci, jifa-jifa nakan ari dabarar Marie Clay, masaniyar karatun yara daga Niyu Zilan. In ƙirga kalma ɗari daga littafin da take karantawa, ta karanta mini, ina sa alama a duk inda ta yi kuskure ko ta tsallake. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne: in kalmomin da ta karanta daidai sun kai kashi 95 cikin 100 zuwa sama, littafin ya dace ta karanta ita kaɗai, 90 zuwa 94, sai da taimako, ƙasa da 90, ya yi mata nauyi. Ni abin da na fi sa wa ido ma shi ne gyaran da take yi wa kanta. Idan ta karanta kalma ba daidai ba, ta kai ƙarshen jimla, ta tsaya, ta yamutsa fuska ta koma baya, nakan ji daɗi har raina. Wannan tsayawar shaida ce cewa ma'ana take bi, ta kuma lura ma'anar ta karye. Yaron da ke zuba karatu kamar ruwa bai taɓa tsayawa ba, shi ya fi ba ni tsoro.

Batun littattafan kimiyyar da take ajiyewa kuwa, wani bincike da Recht da Leslie suka wallafa a 1988 ya sa na sauya yadda nake kallonsa. Sun ba ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka wani rubutu game da besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sosai sun fi fahimtar rubutun a kan gwanayen karatun da ba su san wasan ba. Wato sanin batu tun kafin a buɗe littafi yana da nauyin gaske. Yanzu kafin in miƙa mata littafi a kan aman wutar dutse ko zagayawar jini, mukan ɗan yi hira, mu duba hoto ko taswira, in koya mata kalmomi uku ko huɗu da za ta ci karo da su. Hirar ba ta daɗewa, amma labarin da take bayarwa bayanta yakan zo da tsari.

Nakan kuma dawo da tambayar bayan 'yan kwanaki, muna cikin wani aiki daban: "Wai me ya faru da yaron nan mai jaka?" Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka sake karantawa kawai, ko da yake a gwajin da aka yi nan take masu sake karatun ne ke gaba. Don haka ba da labarin da nake sa ta yi yana auna fahimta, yana kuma kafa abin a ƙwaƙwalwa.

Akwai iyakar da na shata wa kaina, kuma ina tsaye a kanta. Ba kowane littafi nake bibiya ba. Wanda muka zaɓa don darasi, shi ake ba da labarinsa a rubuta. Wanda ta ɗauko don nishaɗinta nata ne, ba na tambaya sai in ita ta zo da maganar, kuma tana da damar ajiye shi in bai yi mata ba. Ba na kuma ba da lada don yawan littattafai. A 1973 Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa wasu ƙananan yara masu son zane alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Daga baya yaran suka rage yin zanen a lokacin wasansu, alhali waɗanda ba a yi wa alkawari ba suna nan yadda suke. Ba na so hakan ta faru da karatun 'yata. In aka sa lada a kan adadi, wayon yaro zai kai shi ga littattafai masu siririn jiki.

Iyaye kan tambaye ni yadda za su yi da littafin da su ba su karanta ba. Ba sai kin karanta duka ba. Ki duba farkon babi da ƙarshensa, idan kuma ta faɗi abin da kika yi shakka, ki ce, "Nuna mini inda aka ce haka." Neman wurin ma wani darasi ne.

A ƙarshen kowane wata muna zama tare mu karanta kundin daga baya zuwa gaba, ita ma tana ganin abin da na rubuta. Na wannan karon ya nuna ta fara kamo dalilan da marubuci ya ɓoye ba tare da an tura ta ba, amma a rubutun bayani har yanzu tana rikita abin da ya jawo da abin da ya biyo baya. Saboda haka a watan da za mu shiga, duk babin kimiyya da ta gama za ta zana shi da kibiyoyi a takarda kafin ta yi bayani, sannan sau ɗaya a mako ta fara rubuta labarin da hannunta maimakon faɗa da baki.