Wasiƙa zuwa Garwa: Malamin da Ya Ƙi Yarda da Sefa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Garwa, Marwa da Ngaundare. Ina gaishe ku daga Faransa, daga garin da ke maƙwabtaka da Chamalières, inda ake buga takardun sefar da ke aljihunku.

Akwai ɗan ƙasarmu da ban taɓa jin sunansa a makaranta ba sai da na zo nan: Joseph Tchundjang Pouemi. An haife shi a 1937 a yammacin Kamaru, ya koyar da ilimin tattalin arziki a Yawunde da Abijan, sannan ya samu aiki a Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Amurka. Kujera ce da wasu ke azumi don su samu. Shi kuwa bai daɗe ba ya ajiye ta.

A 1980 ya fitar da littafin da ya saɓa wa abin da manyan masana ke koyarwa. Su suna cewa sai jama'a sun tara ajiya kafin a zuba jari, kuma aikin babban banki shi ne tsare darajar kuɗi. Pouemi ya ce banki ne ke ƙirƙirar kuɗi a lokacin da ya ba da bashi, saboda haka mai iko da bashi shi ke yanke wanda zai yi noma da wanda zai zauna. Ku duba manomin auduga a Gidar ko mai kiwo a Adamawa. Wane banki ya san da shi? Sai adashe, sai bashin ɗan kasuwa da ake biya da kaka.

Ya rasu a Duwala a 1984. Shekara tara bayan haka, a Janairun 1994, aka zauna a Dakar aka raba darajar sefa biyu. Dattawa ba su manta yadda kuɗin magani ya tashi ba.

Na san amsar masu fatauci zuwa Mubi: sun ga yadda naira ke zubewa, sefa kuwa tana nan daram a kan 655.957 ga yuro ɗaya. Gaskiyarsu, kuma ba na raina wannan hujja. Amma kuɗin da ba ya motsi bai hana matasanmu zaman kashe wando ba, kuma har yau rabin ajiyar kuɗin waje na BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, yana baitulmalin Faransa.

Ɗaliban jami'ar Marwa da ta Ngaundare, ku nemi littafin ku karanta, ku yi gardama da shi. A gaida gida.

Ɗan'uwanku a Faransa