Na kankare fentin motata har ƙarfe

Jiya na wuni a gareji muna kankare fentin tsohuwar Golf ɗina, wallahi yanzu na san aikin masu fenti ba wasa ba ne. Da na ɗauki garanda, wato injin goge ƙarfe, na zata kawai dannawa ake, sai oga ya riƙe min hannu ya ce, ɗan'uwa kar ka tsaya waje ɗaya, bodin mota kaurinsa bai kai milimita 1 ba, in ya yi zafi sai ya lanƙwashe. Muka koma injin sanfefa mai lamba 80, wato mai kaushi, a hankali a hankali, ja ya fita, ga wani shuɗi a ƙasa, ga fila, abin da ake cike loɓawar bodi da shi, mai kauri a ƙofar baya wadda ban taɓa sanin akwai ta ba, ashe an taɓa buge motar kafin in saya. Lunguna kuwa sai buroshin waya, nan tsatsa take ɓuya.

Abin da ya dame ni shi ne yaran da ke aikin ba takunkumi ba tabarau, ƙura duk ta cika musu gashin ido. Na fita na sayo musu.

Kafin magariba muka fesa faraima, wato fentin farko da ke kare ƙarfe, don da damina ƙarfe tsirara in ya kwana sai tsatsa.