Laraba, sandar kyamara da hannun Baffa

Na sayo sandar nan yau alhamdulillah, wadda na ishe ku da zancenta tun watan jiya. Monofod dai, sanda mai ƙafa ɗaya da ake ɗaura kyamara a kanta don hoto kar ya yi rawa. Asabar za mu kama hanyar Bauchi in sha Allahu, daga can mu wuce Yankari, kuma na riga na yi wa kaina alkawari abin da ya faru bara ba zai sake faruwa ba, da na dawo da hotunan giwaye sama da 100 amma da ƙyar na tsinci 5 da zan iya nuna wa mutane. Sauran duk dishi-dishi. Da sassafe ake fita zaga daji, ga hazo, haske bai gama fitowa ba, ni kuma ina tallafe da dogon lens, gilashin jawo nesa, Sigma 150-600 ɗin nan mai kusan kilo 2, kafin a kai bakin kogin Gaji inda dabbobi ke taruwa da rani hannuna ya riga ya gaji. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ina da shi, amma ina za ka baza ƙafa uku a motar da mutane suka cika benci, kuma kafin ka gama buɗe shi gwanki ya shige ciyawa.

Ƙarfe 10 ina Beirut Road wajen mutumina mai shagon kayan kyamara. Guda uku ya fito min da su.

Ta farko ko suna babu a jikinta, har da abin maƙala waya a kanta, araha kamar a kyauta. Na ɗaura kyamara na ɗan danna ƙasa kaɗan kawai sai gaɓar tsakiya ta zame ta shige ciki, na ce a'a, wannan ba da lens ɗina ba. Ta biyu ta alminiyam ce mai kauri, makullanta irin waɗanda ake ɓallewa da yatsa a mayar, ƙarfi kam akwai, ka jingina da ita ko motsi ba ta yi. Matsalarta ko an naɗe ta ta fi jakata tsawo, dole a ɗaure ta a waje tana dukan mutane a tasha, ga nauyi, ga shi alminiyam in ya sha rana riƙe shi sai da dabara. Ta uku ita ce ta tafi da ni tun kafin in taɓa ta, Sirui P-326, ta hannu ce amma tsaf take. Kabon faiba, gaɓa 6, in an naɗe ta santimita 38 kacal, in an miƙe ta 154, nauyinta giram 400, kuma an rubuta tana ɗaukar kilo 10 alhali kayana gaba ɗaya ba su kai kilo 3 ba. Na miƙe ta a cikin shagon na ɗaura lens, da tudun zoben da ke jikin lens ɗin, wanda ake ɗaura sandar a kansa, da na kyamarar sai ga ramin leƙawa daidai idona, ba sai na sunkuya ba. Wannan shi ne abin da nake ta gaya wa yaran da ke tambayata, kar ka sayi sanda a hoto, ka tsaya da ita ka gani, in ta sa ka duƙawa bayanka ne zai biya.

Ba wai ba ta da aibu ba fa. Gaɓa 6 yana nufin makulli 5 za ka murɗa duk lokacin da za ka buɗe, kuma gaɓar ƙarshe siririya ce kamar yatsa, in haske ya yi ƙasa sosai gara ka bar ta a ciki ka ɗan rage tsawo. Sannan ƙurar hunturu tana shiga makullin murɗawa ya riƙa ƙaras-ƙaras, amma ana iya kwance shi a goge. Mai shagon ya so ya haɗa min da kai mai juyawa da ake sa wa sandar na ce bari, zan ɗaura ta kai tsaye a zoben lens, in ina son hoton tsaye sai in sassauta zoben in juya kyamara, nauyi ya ragu kuɗi ma ya ragu. Mun daɗe muna ciniki. Na biya dai, aljihu ya ji a jikinsa.

Gurasa da ƙuli a hanya. Cunkoso a Kofar Mata kamar kullum. Umma ta kira a kan maganar gas, na manta kuma.

Bayan la'asar na ce bari in biya in nuna wa Baffa, raina fes, ina ta zumuɗi kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah. Na same shi a tsakar gida kan tabarma yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, an wuni lafiya Baffa, ya jiki, ya ce jiki da sauƙi, me ka ƙunso a jaka haka. Na zaro na miƙe ta gaɓa-gaɓa a gabansa. Ya yi dariya ya ce kai ɗan nan, tun yanzu ka fara dogara sanda? Mu a zamaninmu gwiwar hannu ita ce sandarmu, ka manna ta da haƙarƙari, ka riƙe numfashi, ka danna a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Na ce ai Baffa ban manta ba, kullum haka nake yi. Kuma gaskiya ne, da kyamararsa Yashica ya koya min wannan, lokacin fim hoto 36 ne kawai a ciki, in ka ɓata ɗaya sai ka ji a kunnenka. Na ce amma wannan lens ɗin in an kai shi 600, ƙarshen jawo nesansa, ko bugun zuciyarka sai ya nuna a hoto, in saurin shata, marfin da ke buɗewa ya rufe a ɗauki hoto, ya gaza 1/1000 na daƙiƙa a kyamarata to sai addu'a, sandar ba ta hana motsin gefe da gefe amma tana ɗauke nauyin ta kashe rawar sama da ƙasa, ka samu ka rage saurin shata ba tare da ka ɗaga ISO, ƙarfin jin haske na kyamara, hoto ya yi ƙura ba.

Ya ce miƙo in gani. Ba sandar ba, kyamarar.

Akwai wani jan gwada a kan katanga yana ta gyaɗa kai. Baffa ya miƙe ya ɗaga kyamara, ya manna gwiwar hannu yadda ya koya min, komai daidai, tsayuwar nan tasa da na sani tun ina firamare. Sai na ga bakin lens ɗin yana rawa. Ba rawar nauyi ba, na san ta nauyi, wannan daga yatsunsa take fitowa, ƙanana-ƙanana ba ta tsayawa. Ya sauke ya sake ɗagawa. Ya danna sau biyu. Ya duba bayan kyamarar ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min ya ce idona ne ba ya gani sosai yanzu. Na duba, ko siffar ƙadangaren ba a ganewa. Wallahi ban san inda zan sa idona ba.

Ban ce komai ba, na ɗaura sandar a zoben na daidaita ta da tsawonsa na ce Baffa a gwada min ita dai, ina so in ji ko ta yi. Ya karɓa. Ya kafa ta gaban ƙafarsa, ba wanda ya nuna masa, ya ɗan jingino ta, ya jira ƙadangaren ya ɗago kai, ƙyas. Hoton nan har ɓawon wuyansa ana ƙirgawa, idon yana sheƙi, kuma ya ajiye shi a gefe ya bar masa fili ta inda yake kallo, abin da ni har yau sai na yi tunani kafin in yi. Ya kalla ya kalla. Ya ɗauki wani, na tattabarun makwabta, ya ɗauki Auta tana wanke-wanke ba ta sani ba. Kusan minti 20 bai zauna ba. Da ya gaji ya ce nawa ka saye ta, na faɗa, ya ce da tsada, ya koma kan tabarma ya ƙara muryar rediyo.

A zaure Gwaggo ta tare ni da zan fita. Ta yi ƙasa da murya ta ce rabonsa da riƙe kyamara tun wani biki da aka dawo masa da hotuna aka ce duk sun yi rawa, ya mayar musu da kuɗinsu, daga ranar bai sake karɓar aikin biki ko suna ba. Ni duk shekarun nan na ɗauka wayoyi ne suka kashe masa kasuwa, haka yake faɗa, haka ni ma nake faɗa wa mutane. Kullum ina gidan nan. Ina kallonsa yana riƙe kofin shayi da hannu biyu ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ta ce an yi an yi ya je asibiti ya ce sanyi ne.

Na kira Yaya bayan isha'i, mun yi da shi in na dawo daga Bauchi za mu je tare mu lallaɓa shi a duba hannun nan, shi ya fi jin maganar Yaya.

Tun ɗazu nake tunanin ta biyun nan da na raina da safe, mai kaurin. Baffa ba tafiya zai yi ba balle nauyi ya dame shi, kuma makullin ɓallewa zai fi masa sauƙi a kan na murɗawa, da yatsa ɗaya ma ana rufe shi. Tsohuwar kyamarata D90 tana nan a kwali ba abin da take yi. Na kira mutumina sau biyu in ce ya ajiye min ita, wayarsa a kashe, sai da safe.

Batura na caji. In tuna in roƙi direba ya riƙa kashe mota in mun tsaya, in ba haka ba jijjigar inji ta sandar za ta hawo. Katin kyamarar nan mai hotunan Baffa kuma ba zan goge shi ba, wani zan sa ranar Asabar.