Tarihin Rayuwata (Kashi na 14): Haƙoran Umma

Shekarar da na fara koyarwa ce haƙoran Umma suka soma girgiɗa. Da fari jini ne kawai in ta yi asuwaki, daga baya dasashi ya kumbura, ga wani wari da ya sa ta daina zama kusa da mata a islamiyya. Maƙwabtanmu na Tudun Wada kowa da tasa, wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce tsufa. Wane tsufa ga matar da ba ta cika hamsin ba? Kanumfari, ruwan gishiri, ƙwayoyin kemis, babu wanda bai shiga bakin nan ba.

Ranar da haƙori ya biyo lomar tuwo, Yaya ya ce sai asibiti. Muka nufi asibitin Barau Dikko da ke Kaduna.

Likitan haƙori ya daɗe yana dubawa. Ya ga bakin a bushe, ga fari-fari a harshe da cikin kumatu, sai ya ajiye kayan aikinsa.

"Mama, kina yawan jin ƙishirwa? Fitsari yana tashinki da dare?"

Umma ta sunkuyar da kai. "Ɗan nan, ni fa haƙori ya kawo ni."

"Na sani, Mama. Amma a fara auna jini."

Har gobe ina yi wa bawan Allah nan addu'a. Da ya ga dama sai ya cire masu motsin ya sallame mu.

Washegari aka ɗebi jini kafin ta karya. Likitan ya ce in awon ya kai 7 ana zancen ciwon suga, na Umma kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ya yi mana bayani cewa suga na raunana garkuwar jiki, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a ƙarƙashin dasashi, su yi ta cin ƙashin da ke riƙe da haƙora. Kumburin dasashin shi ma yana hana sugar sauka, kowanne na rura ɗan'uwansa.

Hoton muƙamuƙin ne ya sa ni hawaye. Haƙoran suna tsaye kamar dirkar rumfa da ruwa ya zaizaye gindinta, kuma ya gaya mana ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, sai dai a ceci sauran.

Sai ya ɗora yatsa can kusurwar muƙamuƙin ƙasa, inda wani baƙin tabo yake a zagaye. Wannan, in ji shi, ba aikin suga ba ne. Yana iya zama ƙullutun ruwa, yana iya zama tsiron da ake kira ameloblastoma, wanda ke fafe ƙashi a hankali ba tare da zafi ba. Hoto kaɗai ba ya rarrabewa, sai an yanki ɗan nama an duba, kuma ba za a yanka ba sai sugar ta sauka, don ciwon mai suga ba ya saurin warkewa.

Ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. A cikin keke Umma ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa Baba tukuna.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.